Kaushin Fata: Wanda Za A Ƙyale Da Wanda Ba A Kwana Da Shi

Ƙannena maza da mata, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da yadda muke yi da fatarmu. Ƙurjin da ba ya kisa shi muke kashe wa kuɗi, mu kankare shi, mu ƙona shi, mu bi shi da mai kala-kala. Wanda yake iya kai mutum kushewa kuwa sai mu dube shi mu ce ai zafin rana ne, zai wuce. Ku na zaɓa in yi wa wannan magana domin ku ake aike kemis, ku kuke raka iyaye asibiti, ku kuke karanta abin da aka rubuta a jikin kwalba, kuma ƙannenku a hannunku suke wuni.

A jikin ɗan Adam akwai wani sinadari mai tauri da ake kira keratin. Da shi aka yi farce da gashi, kuma shi ne a ƙahon saniya da kofatonta. Saman fata ma da shi aka lulluɓe. Kullum sababbin ƙwayoyin fata suna tasowa daga ƙasa, su hau sama, su cika da keratin, su mutu, su kakkaɓe ba tare da mun lura ba, kuma wannan zagaye yakan ɗauki kimanin wata guda. Idan keratin ya taru a wuri ɗaya ya ƙi zubewa, wurin ya yi kauri ko kaushi, likita yakan ce keratosis. Kantar da fartanya ke bari a tafin manomi da tabon sallah a goshi duk taruwar keratin ce da guga ta jawo, kuma babu abin damuwa a cikinsu. Amma akwai wasu lalurori da yawa masu amsa wannan suna, asalinsu daban, hatsarinsu daban.

Mafi sauƙi shi ne wanda na san da yawa daga cikinku kuna da shi yanzu haka. Ku shafa bayan damtsenku ko gefen cinyarku. Idan kun ji ƙananan ƙuraje burjik, marasa ciwo, marasa ruwa, kowanne a bakin ramin gashi, to wannan ne likitoci suke ce wa keratosis filaris. Keratin ne ya toshe ƙofar gashi. Gadonsa ake yi, ba ɗauka ba, kuma ba ƙazanta ke kawo shi ba. Yakan tsananta da hunturu lokacin da fata ta bushe, ya lafa da damina, kuma yawancin mutane yana raguwa musu da kansa idan sun doshi shekara 30. Ba ya zama sankara ko kusa. Man kaɗe ko basilin bayan wanka, tun jiki da ɗan danshi, yana sassauta shi. Wanda yake son ƙari ya nemi man da aka sa wa yuriya ko asid ɗin laktik. Abin da ke ɓata shi dirza da soso mai kaushi da matsa, domin a baƙar fata duk inda aka ji wa rauni baƙin tabo yake bari, kuma tabon ya fi ƙurjin daɗewa. 'Yan mata musamman, ku bar damtsenku ya huta.

Na biyu na manya ne. Ku dubi fuskar Inna ko Gwaggo, a kumatu da gefen ido da wuya, za ku iya ganin ƙananan baƙaƙen tsiro masu laushi, wasu a shafe, wasu sun ɗan rataya. A wajen tsofaffi kuma, a baya ko ƙirji ko gefen kai, akwai manyansu masu launin ƙasa ko baƙi, masu ɗan maiƙo da tsattsagewa a sama, waɗanda za ka rantse manna su aka yi a kan fata. Manyan su ne seboroyik keratosis. Ƙananan na fuska danginsu ne, kuma sun fi yawa a baƙar fata. Wani likita ɗan Italiya, Aldo Kastelani, shi ya fara bayyana su a rubuce a 1925. Sukan fara fitowa bayan balaga, su yi ta ƙaruwa da shekaru, sun fi kama mata, kuma suna bin zuri'a. Idan mahaifiyarki tana da su, ki sa rai.

Waɗannan ma ba sankara ba ne, kuma ba sa komawa sankara. Mutum yana iya rayuwa da ɗari a jikinsa har ya tsufa lafiya lau. Illar da nake gani ba daga tsiron take zuwa ba, daga masu cire shi take zuwa. A kan ɗaure shi da zare ko gashin doki, a kan kai wa wanzami ya sa aska, a kan ɗiga masa ruwan batir ko wani haɗin da aka saya a intanet, ga kuma shagunan gyaran jiki da suka sayi na'urar ƙonawa ba tare da sanin zurfin fata ba. Sakamakon shi ne fari ko baƙin tabo a tsakiyar fuska, wani lokaci ma tabon nan mai tudu da ke ci gaba da girma, wanda jikin baƙar fata ya fi saurin yi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Idan tsiron yana maƙale wa sarƙa ko wuyan riga, ko dai mai shi ba ya son ganinsa, likitan fata yana cire shi cikin 'yan mintoci, ko da ɗan almakashi, ko da allurar lantarki mai ƙona kan tsiron kawai. Likitan da ya san aikinsa yakan gwada ɗaya ko biyu tukuna, ya jira ya ga yadda fatar za ta warke kafin ya taɓa sauran. Abu guda da ya kamata a sanar da likita shi ne idan tsiron nan suka fito da yawa farat ɗaya cikin 'yan makonni, da ƙaiƙayi, ga mutum yana ramewa. Ba kasafai ba ne, amma an sha ganin hakan tare da ciwon daji na cikin ciki.

Akwai dalili na biyu da ya sa nake hana ku yanka a gida, kuma ya fi na tabo nauyi. Wani baƙin tabon da aka ɗauka tsiron tsufa ne, sankarar melanoma ce, wadda take cikin mafi saurin bazuwa a jiki. Idan aka yanke ta aka yar, an yar da shaidar da za a kai ɗakin gwaji, saiwar kuma tana nan. Ku riƙe wannan ƙa'ida: tsiron tsufa ba ya fitowa a tafin hannu ko tafin ƙafa. A baƙar fata kuwa nan ne melanoma ta fi zama, a tafin ƙafa, da diddige, da ƙarƙashin farce. Mawaƙin nan na Jamaika, Bob Marley, a babban ɗan yatsan ƙafarsa aka gano ta a 1977, bayan an fara ɗaukarta raunin ƙwallo, kuma ita ta yi ajalinsa a 1981 yana da shekara 36. Don haka baƙin tabo a tafin ƙafar Baba da yake faɗaɗa, ko gefensa ba daidai ba, ko launinsa ya rarrabu, ko ya fara tsattsafo da jini, ba na dutsen goge kaushi ba ne. Haka nan tsohon gyambo ko tabon ƙuna da ya shekara da shekaru, sai kwatsam bakinsa ya yi tudu, ya fara wari da zubar jini. A ƙasashenmu sankarar fata a jikin baƙin mutum sau da yawa daga irin wannan tsohon rauni take tashi.

Yanzu na zo kan wanda ya sa na ɗauki alƙalami. Likitoci suna ce masa aktinik keratosis, ni zan kira shi kaushin rana. A cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, wanda yake ratsa fata ya lalata tsarin gado da ke cikin ƙwayoyinta. Jiki yana gyara yawancin ɓarnar, amma ba duka ba. Abin da ya rage yana taruwa shekara bayan shekara, har wasu ƙwayoyin su fara hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba. Wurin sai ya yi ɗan kaushi mai ɓawo, ja-ja ko ruwan ƙasa, yawanci bai kai faɗin kwabo ba. Sau da yawa yatsa yana jinsa kafin ido ya gan shi. A kankare ɓawon ya dawo. Yana zama ne inda rana ta fi duka: goshi, hanci, saman kunne, ƙeya, tsakiyar kai, bayan hannu, da leɓen ƙasa, inda yake zuwa kamar bushewar leɓe da ta ƙi jin mai. Wani yakan yi tsini ya miƙe har ya zama ɗan ƙaho.

Wannan shi ne matakin da ke gaban sankara. Idan aka ɗauki tabo ɗaya tilo, yiwuwar ya rikiɗe cikin shekara guda ƙanƙanuwa ce, wasu ma sukan ɓace da kansu. Amma ba wanda zai iya nuna wane ne zai rikiɗe, kuma mai kaushin rana ba kasafai yake da guda ɗaya ba. Mai ashirin ko talatin a jikinsa, shekara goma ko ashirin, lissafinsa ya sha bamban da na mai ɗaya. Kuma da yawa daga cikin sankarar saman fata da ake cirewa a asibiti, idan aka bi asalinta, daga irin wannan kaushi ta faro.

Melanin, sinadarin da ya ba mu baƙar fata, garkuwa ce babba daga wannan ɓarna. Shi ya sa kaushin rana ya zama ruwan dare a tsakanin Turawan Ostareliya, waɗanda kakanninsu suka taso daga ƙasashe masu ƙarancin rana suka zauna inda take da ƙarfi, amma da wuya a gan shi a jikin baƙin manomi da ya shekara hamsin yana noma. Da a nan maganar ta tsaya, da ban dame ku da ita ba. Sai dai a cikinmu akwai waɗanda aka haifa ba su da wannan garkuwa, kuma suna rayuwa a ƙarƙashin ranar Kano da Sakkwato da Damagaram da Agadas, inda ma'aunin ƙarfin wannan haske yakan kai matakin ƙarshe a watannin bazara. Ina nufin 'yan'uwanmu zabiyoyi.

Zabiya gado ce daga ɓangarori biyu. Uwa da uba kowanne yana ɗauke da ƙwayar a ɓoye, su kansu baƙaƙe ne, kuma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi zabiya. Ba laifin uwa ba ne ita kaɗai, ba abin da ta ci ko ta tsallaka ba ne, kuma ba a ɗauka ta hanyar taɓawa ko cin abinci tare. A Afirka kudu da Sahara ana kiyasin mutum ɗaya a cikin 5,000 zuwa 15,000. Farfesa Anezi Okoro, likitan fata a Inugu, ya duba zabiyoyi 1,000 a Najeriya ya wallafa abin da ya gani a 1975, kuma waɗanda suka haura shekara 30 a cikinsu 'yan kaɗan ne. A 1985 wasu likitoci a Darussalam ta Tanzaniya suka wallafa nasu binciken kan zabiyoyi 350. Sun ga ɓarnar rana a fatar jarirai tun cikin shekarar farko, kuma duk wanda ya kai shekara 20 a cikinsu fatarsa ta riga ta fara sauyin da ke kai wa ga sankara. Abin da Bature yake gamuwa da shi yana da shekara sittin ko saba'in, ƙaninmu zabiya yana gamuwa da shi kafin ya gama sakandare.

A wasu wurare har camfi ake yi cewa zabiya ba ya mutuwa, ɓacewa yake yi. Gaskiyar da ke bayan wannan magana mai ɗaci ce. Ba a ganin tsofaffinsu da yawa ne domin sankarar fata tana ɗauke su da ƙuruciya, sau da yawa a ɗaki, an rufe miki da tsumma saboda wari da kunya. Alhali zabiya ba ta rage kwana da kanta. Salif Keita, mawaƙin ƙasar Mali da aka haifa a 1949, zabiya ne, ya tsufa yana sana'arsa, har ya kafa gidauniya don taimakon masu irin lalurarsa. Rana ce matsalar, kuma rana abu ce da ake iya kauce mata.

Ku dubi yadda yaro zabiya yake wuni. An yi masa aski ƙwal-kwabo kamar sauran yara. Da safe yana tsaye a filin makaranta ana taron safe, idan ya makara a sa shi durƙuso a rana. Da azahar a aike shi kasuwa, ko a ɗora masa talla, ko a tura shi kiwo. Idan almajiri ne, yini yake yi yana yawo da 'yar riga mai gajeren hannu. Da yamma fatarsa ta yi jawur, ta yi bororo, a ce ai haka jikinsu yake. Ba haka jikinsu yake ba. Ƙuna ce, kuma kowace ƙuna tana ƙara wa ɓarnar da za ta fito bayan shekara goma. Hular da muke sawa, ko zanna ce ko kufi, tsakiyar kai kawai take rufewa, ta bar kunne da ƙeya da hanci, wato daidai wuraren da sankara ta fi kamawa. Abin da ya dace da shi kakanninmu sun riga sun saƙa: malafa mai faɗin baki. Sai riga mai dogon hannu da dogon wando na yadi mai kauri. Ku ɗaga yadin ku duba ta cikinsa, idan haske yana wucewa sosai to rana ma tana wucewa. Yarinya hijabi yana kare mata kunne da wuya, amma fuska da bayan hannu suna waje, don haka ita ma tana bukatar malafa ko lema. Daga ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma a nema musu inuwa. Hazo da gajimare ba sa tare wannan haske gaba ɗaya, saboda haka sanyin hunturu kada ya ruɗe ku.

Sai man kariya daga rana. A jikin kwalbarsa za ku ga haruffan SPF da lamba, kuma zabiya ya nemi mai lamba 50. Ana shafa shi a duk inda tufafi bai rufe ba, har da kunne da leɓe, kafin a fita, a kuma sake bayan kamar awa biyu idan ana waje, ko bayan gumi. Mai alwala ya tuna cewa ruwa yana wanke shi daga fuska da hannu, sai an mayar. Amfaninsa ba zance ba ne na 'yan kasuwa. A Ostareliya an yi gwaji a garin Nambur daga 1992 zuwa 1996 da mutum fiye da 1,600, aka ga masu shafawa kullum sun sami raguwar sankarar da kaushin rana ke komawa da kusan kashi 40 cikin ɗari. Na san man yana da tsada, kuma ba kowane kemis ke da shi ba. A Moshi ta Tanzaniya, cibiyar horar da likitocin fata ta fara haɗa nata a gida tana raba wa zabiyoyi, kuma ina ganin babu abin da zai hana jami'o'inmu masu sashen haɗa magunguna yin haka. Kafin nan, ku nemi ƙungiyoyin zabiyoyi na jiharku, domin sukan sami tallafin man, musamman wajen 13 ga Yuni, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware musu tun 2015. Idan kuɗi ya gaza, a fara da malafa da riga da inuwa. Su ne ginshiƙi, kuma ba sa ƙarewa a kwalba. Man kaɗe da basilin suna laushin fata amma ba sa tare rana.

In kuna da zabiya a ajinku ko a gidanku, akwai abin da za ku iya yi gobe. Ku je wurin malam ko hedimasta cikin ladabi ku roƙa a bar shi ya sa malafa da dogon hannu ko da ba sa cikin kayan makaranta, a ɗauke masa tsayuwar rana, a kuma zaunar da shi a layin gaba domin yawancinsu ba sa gani da kyau daga nesa. Wannan na ƙarshe yana da alaƙa da fata fiye da yadda kuke zato. Yaron da bai ga allo ba yakan bar makaranta, wanda ya bar makaranta kuma gona ko acaba ko talla yake komawa, wato cikin rana. Idan ana zaɓa masa sana'a, a zaɓi ta cikin inuwa: ɗinki, shago, gyaran waya, koyarwa, aikin ofis.

Idan kaushin ya riga ya fito, yana da magani, kuma maganin ba mai wuya ba ne idan an zo da wuri. Tabo ɗaya ko biyu likita yakan fesa musu ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Wurin ya yi zafi na ɗan lokaci, ya yi bororo, ya bushe, ya faɗi cikin mako ɗaya ko biyu. Mai kauri akan kankare shi bayan an kashe zafin wurin da allura. Amma idan sun yi yawa a goshi ko a hannu, bin su ɗaya-ɗaya ba ya wadatarwa, domin fatar da ke tsakaninsu ma ta lalace ko da ido bai gani ba. Kamar gonar da wuta-wuta ta kama ne: wadda ta fito ka tuge, amma irinta yana cikin ƙasa ko'ina. Saboda haka akan ba da man da za a shafe wurin gaba ɗaya. Mafi daɗewa a cikinsu shi ne fulorourasil, ana shafawa sau biyu a rana na mako biyu zuwa huɗu. Akwai imikwimod mai tayar da garkuwar jiki ta yaƙi ƙwayoyin, akwai wani na diklofenak mai sauƙin zafi amma sai an yi wata biyu zuwa uku ana shafawa, akwai kuma hanyar da ake shafa magani sannan a haska wurin da wata fitila ta musamman. A wani gwaji da aka yi a Holan da mutum 624, aka wallafa a 2019, fulorourasil ne ya fi sauran aiki: kusan uku cikin huɗu na masu shafa shi sun sami biyan bukata bayan shekara guda.

Dole in gargaɗe ku game da wannan man, domin nan ne mutane suke karaya. Idan ya fara aiki, fatar takan yi ja, ta yi raɗaɗi, ta yi ɓawo, har wuraren da ba a san da matsala ba su fito fili. Mai kallo zai ce maganin ya ɓata shi, sai dangi su ce a daina. Alhali wannan ita ce alamar yana cin ƙwayoyin da suka lalace, kuma bayan an gama fatar takan warke cikin 'yan makonni. Wanda ake yi wa yana bukatar mai ƙarfafa masa gwiwa da mai mayar da shi wurin likita idan zafin ya wuce kima. Ba man da za a saya a shafa da ka ba ne, mai ciki ba ta amfani da shi, kuma sai likita ya tabbatar cewa abin bai riga ya wuce matakin kaushi ba.

Alamomin wucewar kuwa a bayyane suke. Tabon ya yi tudu ya yi tauri a gindi, ya fara ciwo idan an taɓa, yana girma cikin makonni, yana zubar da jini, ko ya fashe ya zama miki da ya yi wata guda bai warke ba. A nan mai ba ya aiki, sai wuƙar likita. Za a yanki ɗan yanki a kai ɗakin gwaji, ko a cire shi duka da ɗan gefen lafiyayyar fata. Akwai maganar da ta yi mana illa ƙwarai, wai sankara ba ta son ƙarfe, idan aka taɓa ta sai ta bazu. Wannan magana ta samo asali ne daga waɗanda aka kai asibiti bayan ciwon ya riga ya bazu, aka yi aiki, suka rasu, sai aka ɗora wa wuƙa laifin jinkiri. Sankarar saman fata idan aka cire ta tana ƙarama, fiye da tara cikin goma suna warkewa sarai, aikin ma sau da yawa ba a kwana a asibiti. Idan aka bar ta ana ta shafe-shafe da turare da sakiya, sai ta ci kunne ko leɓe, ta gangara kaluluwar wuya, a koma maganar gashi da na'ura da tafiya mai nisa da kuɗin da gida ba shi da su. Ta leɓe da ta kunne sun fi saurin gangarawa, don haka su ba a jira da su ko kaɗan. Addu'a da neman magani ba sa karo da juna, a haɗa su a rana ɗaya.

Ba zabiyoyi kaɗai ne ya kamata su yi hattara ba. Wanda aka yi wa dashen ƙoda yana shan magungunan danne garkuwar jiki har ƙarshen rayuwa, kuma hakan yana ƙara masa hatsarin sankarar fata, haka ma mai ƙanjamau da garkuwarsa ta yi ƙasa. Sai masu bilicin. Man da ake haɗawa da haidirokwinon da sitiroyid yana rage melanin, yana kuma sirantar da fata, wato mutum yana biyan kuɗi a cire masa garkuwar da zabiya yake nema ruwa a jallo. Likitocin fata a Dakar sun ba da rahoton matan da suka kamu da sankarar fata a wuya da kafaɗa bayan shekaru masu yawa suna shafe-shafen nan. Ƙanwata, idan kin fara, ki je wurin likitan fata ya nuna miki yadda ake dainawa a hankali, domin yanke sitiroyid farat ɗaya ma yana da tasa wahalar. Akwai kuma wani keratosis da ba rana ke kawo shi ba, gubar arsenik ce a ruwan sha. A Bangaladash, rijiyoyin burtsatse da aka haƙa tun shekarun 1970 don a tsira daga kwalara da gudawa sun zo da wannan guba daga ƙarƙashin ƙasa, ba a gane ba sai a shekarun 1990, bayan miliyoyin mutane sun sha. Alamarta ƙananan ƙulli masu tauri a tafin hannu da tafin ƙafa, kuma tana iya kai wa ga sankarar fata da ta mafitsara da ta huhu. Idan mutane da yawa masu shan rijiya ɗaya suka fito da irin wannan, ruwan ake gwadawa.

Zabiya, ko da ba ya jin komai, ya kamata likita ya duba fatarsa daga kai zuwa ƙafa duk bayan wata shida. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da likitocin fata, kuma daga ƙaramin asibiti ana iya karɓar takardar turawa. Tsakanin ganin likita da ganin likita, aikin na gida ne. Mutum ba ya ganin ƙeyarsa da bayan kunnensa, kuma zabiya da ƙarancin gani ko fuskarsa ba lalle ya gani da kyau a madubi ba. Sau ɗaya a wata, da rana a inuwa mai haske, wa ko ya su zaunar da shi su bi kai da kunne da wuya da leɓe da hannu, da ido da kuma yatsa. Duk wurin da aka ji kaushi a ɗauki hotonsa da waya, a ajiye kwabo ko kan biro a gefensa don a san girmansa, a rubuta kwanan wata. Ranar zuwa asibiti a tafi da hotunan, a nuna wa likita wanda ya sauya da lokacin da ya fara sauyawa.